Yadda ake ware fararen ƙwayoyin jini daga ɓeran labo a zafin Yamai

Aikin nan ba shi da wuya a hannu. Duk wanda ya iya riƙe hantsaki da pipet, wato bututun zuƙar ruwa da awo, zai koye shi cikin ƴan kwanaki. Abin da ke lalata shi a nan Yamai zafi ne da jinkiri, domin fararen ƙwayoyin jini rayayyu ne, kuma tun daga lokacin da suka bar jikin dabba suke fara mutuwa kaɗan-kaɗan. Yawancin ƙa'idojin da muke karantawa an tsara su ne a ɗakunan da ba su wuce digiri 20 zuwa 22 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin gari yakan haura 40. Saboda haka, ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni ne kai mai shirya memuwar a kan garkuwar jiki, ko ma'aikacin labo ne da aka ba ka gwajin wani tsiron magani, rabin aikinka ka gama shi kafin ka taɓa ɓeran.

Da farko sai izini. Kada ka yanka dabba ko ɗaya sai tsarin bincikenka ya bi ta hannun malamin da ke kula da kai da kwamitin ɗa'a na cibiyarku, kuma wani gwani ya koya maka riƙe ɓera da kashe shi hannu da hannu. Wannan rubutu ba zai maye gurbin koyon ba. Tun 1959 masana biyu na Ingila, Russell da Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da har yau ake bi: idan akwai wata hanya a bar dabba, idan babu a rage yawanta, wadda za a yi aiki da ita kuma a sauƙaƙa mata wahala. Ni a ganina babu ɓarnar da ta kai a kashe ɓera sannan a tarar maganin fasa jajayen ƙwayoyi ya ƙare, ko babu ƙanƙara.

Ɓeran ma sai na labo, wanda aka san asalinsa: BALB/c fari, C57BL/6 baƙi, ko farin Swiss da ya fi samuwa a yankinmu. A ɗauki masu mako 6 zuwa 12, jinsi ɗaya, masu nauyin giram 20 zuwa 30. Ɓeran gida ko na garka da aka kama da tarko bai dace ba, don ba ka san cutar da yake ɗauke da ita ba, kuma an taɓa samun ƙwayar cutar leptospira, mai kama mutum, a jikin ɓerayen lambunan Yamai. Ɗakin ɓeraye ya zauna tsakanin digiri 20 da 24. Ɓeran da ya sha zafi, ko aka yi ta wujijjiga shi a keji daga wani gini zuwa wani, jikinsa yakan saki sinadarin firgita mai rage limfosit (wani nau'in fararen ƙwayoyi) a jini, sai ka auna tasirin wahala kana zaton tasirin maganinka ne. Yawan fararen ƙwayoyi a jinin ɓera yana kuma hawa da sauka tsakanin dare da rana, don haka ka tsayar da sa'a guda ga dukan rukunoninka. Sassafe ya fi, kafin gari ya ɗau zafi.

Daga ina za a ɗebo su

Mutane da yawa da sun ji an ce ƙwayoyin jini sai hankalinsu ya tafi ga jini, alhali jinin ɓera kaɗan ne. Mai giram 25 duka jinin jikinsa bai wuce mililita 1.5 zuwa 2 ba, abin da za ka iya zuƙowa daga zuciya kuwa rabin mililita ne zuwa ɗaya, wato fararen ƙwayoyi miliyan ƙalilan. Saifa guda ɗaya tana ba da miliyan 50 zuwa 100, mafi yawansu limfosit na B da na T. Ɓargon ƙasusuwan ƙafafun baya yana ba da miliyoyi gommai, kuma can ne nitrofil (wani nau'in fararen daban) da ƙwayoyin da ba su gama nuna ba suka fi yawa. Idan limfosit kake so don ka raine su a faranti a labo ko ka auna sinadaran da suke fitarwa, saifa za ka nufa. Jini yana da amfani ne idan kana son bin ɓera ɗaya tsawon makonni ba tare da ka kashe shi ba. Ka kuma riƙe cewa jinin ɓera ba irin namu ba ne: a nasa limfosit ne suka kai kashi 70 zuwa 80 cikin 100, a namu nitrofil ne kan gaba.

Shirin jajibiri

Ka haɗa ruwanka tun jiya. PBS shi ne ruwan wanki: a lita ɗaya ta tataccen ruwa a zuba giram 8 na NaCl, 0.2 na KCl, 1.44 na Na2HPO4 da 0.24 na KH2PO4, a daidaita pH (awon tsami) a 7.4, a sa a otoklaf, tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta. Idan ya huce ka ɗebi wanda za ka yi aiki da shi ka ƙara masa ruwan jinin ɗan maraƙi kashi 2 cikin 100, domin furotin ɗin yana kare ƙwayoyi kuma yana hana su manne wa jikin tib. Idan rainon su za ka yi, ruwan raino RPMI 1640 mai kashi 10 na ruwan jinin maraƙi za ka tanada.

Na biyu shi ne ACK, mai fasa jajayen ƙwayoyi. Ba sai ka jira an kawo shi daga waje ba: giram 8.29 na NH4Cl, giram 1 na KHCO3 da miligiram 37.2 na Na2EDTA a lita ɗaya, pH tsakanin 7.2 da 7.4, a tace da matata mai ƙofa 0.22 mikromita. Shi ba a sa shi a otoklaf, saboda zafi yana lalata bikarbonat. A ajiye a firigo, a fito da shi da safe ya sake kafin aiki.

Sauran kaya: almakashi biyu da hantsaki biyu tsarkakakku, alkol mai kashi 70, sirinji na mililita 1 da na 5, allura mai lamba 25, rariyar ƙwayoyi mai ƙofa 70 mikromita da mai 40, tib na mililita 15 da na 50, faranti na Petri, shuɗin tiripan (launin da ke rina matattun ƙwayoyi) mai kashi 0.4, gilashin ƙidaya, da ƙanƙara dakakkiya cike da kula. Ƙanƙarar ta fi abin da kake zato yawa, don a zafinmu kafin ka gama ɓera na uku ta zama ruwa. Rubuta lambar kowane ɓera a jikin tib da murfinsa, ka zuba mililita 5 na PBS a kowanne ka soka cikin ƙanƙara. Ka tabbatar gurup yana da mai, ko ka san inda za ka kai samfur idan kuran ya ɗauke. Lokacin hunturu kuma a rufe tagogi, a goge hot, wato akwatin aiki mai tace iska, da alkol, a bar ta tana aiki minti 15 kafin a fara, don ƙurar nan tana ɗauke da ƙwayoyin naman gwari da za su cinye maka farantin raino.

Sai batun santirifij, injin da ke juya tib da gudu har ƙwayoyi su kwanta a gindi. Ƙa'idoji suna ba da ƙarfin juyi da harafin g, injinan da yawa kuwa yawan zagaye a minti suke nunawa. Auna tsawon hannun injin daga tsakiya zuwa gindin tib da santimita. Lissafin shi ne g = 0.00001118 × tsawon × zagaye × zagaye. Idan tsawon santimita 15 ne, 350 g ya kama zagaye kusan 1450, idan 10 ne kusan 1770. Yi lissafin sau ɗaya ka manna a jikin injin.

Ranar aiki: jini tukuna

Idan kana buƙatar jini da saifa daga ɓera ɗaya, jini ake fara ɗiba, domin da zuciya ta tsaya yake fara daskarewa. A sumar da ɓeran sosai da isofuluran, ko da ketamin haɗe da zilazin bisa awon da likitan dabbobinku ya tsayar. Matse yatsun ƙafarsa da hantsaki: muddin ya janye ƙafar, bai yi nisa ba, ka dakata. Kwantar da shi rigingine, ka shigar da allura daga ƙasan ƙashin ƙirji, ɗan hagu kaɗan, a kwance-kwance tana fuskantar kai. Da ka ga jini a bakin sirinji ka tsayar da hannunka cak, ka riƙa ja a hankali. Ja da ƙarfi yana sa zuciyar ta lotse ta toshe bakin allura. Cire allurar kafin ka tura jinin cikin tib, ka juya tib ɗin sama da ƙasa sau da yawa ba tare da girgizawa ba. Tib mai murfi shunayya na EDTA ya dace da ƙidaya da aikin PCR, wato gwajin ninka DNA. Mai murfi kore na heparin ya fi idan za ka motsa ƙwayoyin su yi aiki, tunda EDTA yana kame kalsiyam da suke buƙata. Daga wannan ɗiba ɓera ba ya farfaɗowa, saboda haka nan take a cika masa ta hanyar raba gaɓar wuya, a tabbatar numfashi da bugun zuciya sun tsaya.

Idan kuwa ɓeran zai ci gaba da rayuwa, daga jijiyar kumatu ko ta ƙafa ake ɗiba, kuma kada a wuce kashi 10 cikin 100 na jininsa, wato mikrolita 150 zuwa 200, sannan a bar shi mako biyu zuwa uku ya mayar.

Ciro saifa

Kwantar da shi a gefen dama, hagunsa yana sama. Jiƙa gashin da alkol sosai don kada ya tashi ya shiga ciki. Da almakashi na farko ka ɗan tsaga fata a ƙasan haƙarƙari, ka ja ta da yatsu biyu ta buɗe. Ta cikin siririyar tantanin ciki za ka hango saifar, doguwa, ja mai duhu, kwance a bayan tumbi. Ajiye kayan farko, ɗauki na biyu waɗanda ba su taɓa fata ba, ka yanka tantanin, ka ɗago saifar a hankali ka datse abin da ya riƙe ta. Akwai wani nama fari-fari mai kama da kitse manne da ita, wato pankiriyas. Share shi tas, saboda sinadaran narkar da abinci da ke cikinsa suna cin ƙwayoyi. Ka kiyayi hanji: in ka huda shi, samfurin bai ƙara dacewa da raino ba. Idan nauyin saifa yana cikin abin da kake aunawa, auna da sauri, sannan ta faɗa tib ɗinta cikin ƙanƙara.

Masu aiki da zazzaɓin ɓeraye, irin Plasmodium berghei ko yoelii, za su tarar saifar ta kumbura ninki da yawa, ta yi baƙi, ta yi taushi. Irin wannan a raba ta biyu ko uku a tace kowane yanki daban, in ba haka ba rariya ta toshe.

A cikin hot, ɗora rariya mai 70 a bakin tib na 50, ka jiƙa ta da mililita ɗaya ko biyu na PBS mai sanyi. Sa saifar a kai, ka ɗan daddatsa ta. Zare sandar sirinji na mililita 5, ka riƙa danna saifar da kan robar nan kana murzawa a hankali, kamar mai tace ƙullun koko, kana zuba ruwa kaɗan-kaɗan yana wanke abin da ya fita. Ka ci gaba har abin da ya rage a sama ya zama farin zare-zare marar jini. Gaggawa a nan ita ke kashe ƙwayoyi, don murza da ƙarfi yana fasa su. Wanke rariyar da ruwa har jimla ta kai mililita 10. Inda babu rariya, ana murza saifar tsakanin kaushin gefen gilashin madubin duba ƙwayoyi guda biyu tsarkakakku a cikin farantin Petri, a bar gutsattsarin su kwanta minti biyu, a kwashe ruwan sama.

Juya a 350 g minti 5, a digiri 4 idan injinku yana sanyaya. Idan ba ya yi, sanyaya kofunan injin a firigo tukuna, kuma da ya tsaya ka mayar da tib ƙanƙara. Za ka ga jan dunƙule a gindi. Zubar da ruwan sama da juyi ɗaya, kada ka yi ta kai da komo.

Fasa jajayen ƙwayoyi

Nan ne aka fi yin asara, shi ya sa zan tsaya a kai. Kafin ka zuba ACK, ƙwanƙwasa gindin tib da yatsa har dunƙulen ya warware a ɗan ruwan da ya rage. Wanda ya zuba a kan dunƙule a cure, na waje za su fashe na ciki su tsira, ƙarshe ya sami curin da ba ya rabuwa. Zuba mililita 2 zuwa 3 ga kowace saifa, ka gauraya a hankali, ka danna agogo.

Dalilin da ya sa maganin ke zaɓen jajaye shi ne, a fatar jar ƙwaya akwai wata ƙofa mai musayar kulorid da bikarbonat da yawan gaske. Amoniya ta shiga, kulorid ya bi ta wannan ƙofa, gishiri ya taru a ciki, ruwa ya biyo shi har ƙwayar ta kumbura ta fashe. Fararen ba su da ƙofar nan haka, shi ya sa suke jurewa, amma juriyar tana da iyaka. Minti 2 zuwa 3 sun isa ga saifa, kada a haura 5. Zafi yana hanzarta aikin, saboda haka a ɗakin da kilim ba ya ja sosai ka tsaya a minti 2. Alamar da ido ke gani ita ce ruwan ya tashi daga ja mai gurɓi ya koma ja garau da haske ke ratsawa. Nan take ka cika tib da PBS mai sanyi, aƙalla mililita 10, ka juya a 350 g minti 5. Kada ka jera tib goma ka zuba musu a lokaci guda, domin kafin ka tsayar da na ƙarshe ya wuce lokacinsa. Huɗu-huɗu ya fi.

Dunƙulen da zai fito ya kamata ya zama fari ko ruwan madara. Idan da sauran ja sosai a maimaita sau ɗaya na minti ɗaya. Saifar ɓera mai zazzaɓi takan ƙi yin fari saboda ƙananan jajayen ƙwayoyi da ba su nuna ba sun cika ta kuma suna da taurin fashewa, ga kuma baƙin launin da ƙwayar cutar ke bari. Kada ka yi ta maimaitawa kana neman fari, za ka ƙarar da limfosit ɗinka. Idan ka ga wani farin abu mai yauƙi yana yawo, DNA ce ta matattun ƙwayoyi ta kama rayayyu. Ratsa ruwan ta rariya mai 40, ka sake wankewa sau ɗaya, ka narkar da dunƙulen a mililita 10.

Jini ma haka ake yi masa, sai dai awon ya bambanta: kashi ɗaya na jini, kashi goma na ACK, minti 5, kuma sau da yawa sai an yi zagaye na biyu. Wannan yana ba ka dukan fararen, har da nitrofil.

Idan limfosit da monosit (su ma nau'in fararen ne) zalla kake so daga jini, sai hanyar ruwa mai nauyi da Böyum na Norwe ya fito da ita a 1968. Wanda aka saba da shi a labo na asibiti mai nauyin giram 1.077 a mililita ne, na jinin mutum. Ƙwayoyin ɓera sun ɗan fi nauyi, da yawansu nutsewa suke yi a cikinsa, don haka a nemi mai 1.083 ko 1.084. Surka jinin da PBS daidai wa daida, ka zuba mililita 3 na ruwan mai nauyi a tib na 15, ka karkata tib ɗin ka kwarara jinin a jikin bango a hankali ya hau sama ba tare da sun gauraya ba. Juya a 400 g minti 30, birki a kashe. Wannan mataki ba ya son ƙanƙara, kuma ba ya son zafi: digiri 18 zuwa 20 yake so, domin nauyin ruwan yana raguwa idan ya ɗumama, sai ƙwayoyin da kake nema su zarce ƙasa. Injin da ba ya sanyaya kuwa yakan ɗumama cikin rabin sa'a, saboda haka a yi shi da safe a ɗaki mai kilim. Bayan juyi za ka ga siririn farin zobe tsakanin ruwan sama da ruwa mai nauyi. Zuƙe shi da pipet, ka wanke sau biyu da PBS.

Ɓargo kuwa a taƙaice: ciro ƙashin cinya da na ƙwauri ba tare da ka fasa su ba, share naman da gaz, datse kai biyu, ka tura PBS da allura ta cikin ramin har ƙashin ya yi fari. Daga nan rariya, juyi, da ACK na minti ɗaya.

Ƙidaya

Ɗebi mikrolita 10 daga ruwan ƙwayoyin bayan ka gauraya shi da kyau, ka zuba a 90 na PBS. Daga wannan ka haɗa 10 da 10 na shuɗin tiripan. Surkin ya zama ninki 20. Ɗura a gilashin ƙidaya ka duba a madubi cikin minti 3 zuwa 5, domin in ya daɗe rayayyun ma sukan sha launi. Rayayyu suna ƙyalli, matattu shuɗi ne. A gilashin Malassez, wanda ya fi yawa a labo ɗinmu, layi ɗaya mai gida goma yana ɗaukar kashi ɗaya cikin goma na mikrolita, daidai da babban murabba'i ɗaya na Neubauer, don haka lissafinsu ɗaya ne. Ƙirga layi huɗu ka fitar da matsakaici. A ce ka sami 40: 40 × 20 × 10,000 ya ba da miliyan 8 a kowace mililita, wato miliyan 80 a mililita 10. Ragowar jajaye ƙanana ne, sumul, masu ɗan rawaya, kada ka sa su a lissafi. In suna rikita ka, ƙirga wani ɗigo da ruwan Türk mai narkar da su.

Rayayyu su kai kashi 90 cikin 100 ko fiye. Idan sun gaza 80, waiwayi abu uku: daɗewa a ACK, narkewar ƙanƙara, da ƙarfin murza. Daga yanka zuwa ƙidaya a yi ƙoƙari kada a wuce sa'a biyu.

Mai raino ya daidaita su miliyan 2 a mililita cikin RPMI, ya ƙara 2-merkaptoetanol mikromola 50, don limfosit na ɓera ba sa bunƙasa sosai in babu shi, sannan inkibata, wato akwatin raino, a digiri 37 da iskar CO2 kashi 5. Mai sitometiri, wato tantance ƙwayoyi da inji ta launin da aka maƙala musu, ya fara toshe wuraren jikin ƙwaya masu kama jelar antibodi (furotin ɗin da ke ɗauke da launin) da anti-CD16/32 kafin ya sa launi. Wanda zai ajiye ya narkar da miliyan 10 zuwa 20 a mililita ɗaya ta ruwan jinin maraƙi kashi 90 da DMSO (mai kare ƙwayoyi lokacin daskarewa) kashi 10, ya sa su su sauka a hankali, kusan digiri ɗaya a minti, zuwa 80 ƙasa da sifiri, washegari a mayar cikin ruwan azot, wato nitrojin mai tsananin sanyi. Firijin 80 da ke narkewa yana sake daskarewa duk lokacin da kuran ya yi wasa ba wurin dogon ajiya ba ne. Idan babu azot, gara a tsara gwajin a yi shi da sababbin ƙwayoyi a ranar.

Gawar ɓera a ƙulle ta a leda biyu a sa a firijin da aka ware mata har ranar ƙonawa, allurai a akwatinsu ba tare da an mayar musu da murfi ba, ruwan da ya taɓa jini kuma a zuba masa jabel ya jima kafin a zubar. Kafin ka cire bulus ka rubuta a kaye lambar ɓera, iri, jinsi, nauyi, sa'ar yanka, zafin ɗakin, mintocin da samfur ya yi a ACK, jimlar ƙwayoyi da kason rayayyu.